Daga filin kokawa zuwa kantin kemis: alƙaluman da ke gadin lafiyar mutumin Zuru

Kiɗa, zane da ginin tukwane, motsa jiki, da sanin abin da mutum ke saya ya kai bakinsa, duk darussa ne da ake koya wa yara a ƙaramar sakandare a Zuru, kamar yadda ake yi a sauran garuruwan Najeriya. Yaro ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya wuce. Sai dai kowane darasi a cikinsu yana tafe da wasu 'yan lambobi da uwa da uba suka fi yaron bukata: minti 150, desibel 80, 140 bisa 90, giram 5, giram 50. Nazarin nan zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna inda suka fito, abin da suke aunawa, da yadda za a lissafa su a tsakar gida.

Masarautar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta haɗa ƙananan hukumomi 4: Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Zuru kaɗai tana da mutum sama da 165,000, masarautar baki ɗaya kuwa sama da 640,000, a jihar da ke da mutum miliyan 3.2 a lokacin. Ƙasa ce da aka sani da ƙarfin jiki. Saurayin ƙabilar Dakarkari ta wannan yanki yakan yi golmo, wato noma a gonar surukai tare da tsararsa, har shekara 7 kafin a ba shi mata. Bayan girbi ana bikin Uhola da rawa da kokawa. Daga nan ne kuma sojoji irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, suka fito. Aiki ne ya gina wannan ƙarfi, babu wanda ya taɓa zama ya ƙirga shi. Yau babur ya karɓi tafiyar ƙafa, inji ya karɓi daka, ma'aikata da ɗalibai sun ƙaru musamman bayan kafa Jami'ar Noma ta Tarayya a 2020, rashin tsaro kuma ya raba manoma da yawa da gonakinsu ya zaunar da su a gari. Abin da gona take bai wa jiki a kyauta, yanzu sai an neme shi an ƙirga.

Minti 150 a mako

A jagorar da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka a ƙalla kwana 2. Yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 yake bukata kullum. Idan aka raba 150 gida 5, minti 30 ke nan a rana, kwana 5 a mako.

Matsakaici na nufin jiki yana ƙona kuzari ninki 3 zuwa 6 na abin da yake ƙonawa a zaune. Gane shi ba ya bukatar na'ura. In kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana kan matsakaici. In sai ka tsaya jan numfashi kafin ka ƙarasa magana, ka shiga mai tsanani, kuma minti 1 nasa a bakin minti 2 na matsakaici yake.

Lissafin ya haɗa da aikin yau da kullum. Manomin da ke huɗa a damina yana iya cika adadin mako guda a wuni ɗaya, haka macen da ke daka, ɗiban ruwa da ɗauko itace. Waɗanda lambar ta fi shafa su ne tela, mai shago, malamin ofis, ɗalibi da ɗan kabu-kabu. Ɗan kabu-kabu yana komawa gida a gajiye liƙis, baya na ciwo, amma zuciyarsa ba ta yi aikin minti 30 ba, domin a zaune ya wuni. Shi kansa manomi, in rani ya yi ya koma gindin bishiya, lissafinsa na iya faɗuwa ƙasa har wata 5 ko 6.

A 2024 WHO ta bayyana cewa kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan adadi ba a 2022: mata kashi 34, maza kashi 29. Ƙari ne na maki 5 a kan 2010, kuma in aka ci gaba a haka za a kai kashi 35 a 2030. A tsakanin 'yan shekara 11 zuwa 17 kuwa, kashi 81 ne ba sa motsi yadda ya kamata. Wannan matsakaicin duniya ne, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara suna ƙasa da shi saboda aikin hannu. Darasin da ke ciki shi ne inda alƙaluman suka dosa: duk inda gari ya bunƙasa, zama yana ƙaruwa.

Taku 10,000 da wayoyi ke nema a wurin masu su kuwa, asalinsa tallan wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa amfanin tafiya wajen rage mutuwar wuri yana daidaita a taku 6,000 zuwa 8,000 ga wanda ya kai shekara 60, da 8,000 zuwa 10,000 ga wanda bai kai ba. Dattijon da ya yi 6,000 ya yi abin a yaba.

Bugun zuciya da bugun ganga

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti in yana hutawa, ta ɗan wasan da ya horu kuma tana iya sauka zuwa 50. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na sakan 30, a ninka biyu. Don sanin iyakar abin da zuciya za ta iya, ana cire shekarun mutum daga 220. Mai shekara 40 ya sami 180. Matsakaicin motsi a wurinsa kashi 50 zuwa 70 ne na wannan, wato bugu 90 zuwa 126, mai tsanani kuma 126 zuwa 153. Ɗan kokawa mai shekara 20 iyakarsa 200 ce, tsananinsa 140 zuwa 170. Ƙiyasi ne, yana iya saɓawa da bugu 10 ko fiye daga mutum zuwa mutum.

Shi ma kiɗa da bugu a minti ake auna saurinsa. A situdiyon Kano ko Kaduna, wannan lamba ce mai haɗa kiɗa yake fara sa wa kwamfuta kafin mawaƙi ya ɗora murya. Maci na soja yana tafiya a kan taku wajen 120 a minti, abin da tsoffin sojojin Zuru suka sani a ƙafarsu. Tafiya mai sauri wadda ta isa a kira ta matsakaicin motsa jiki tana farawa daga taku 100 a minti. Ke nan wanda ya bi waƙa mai bugu 100 zuwa 120 da ƙafarsa na minti 30 ya yi taku 3,000 ko fiye, kimanin kilomita 2 da rabi. Masu gangar noma sun daɗe da sanin wannan: in makaɗi ya ƙara wuta, fartanya ma sai ta ƙara. Kuma 100 zuwa 120 ɗin nan shi ne saurin da ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya kafin a kai shi asibiti.

Ma'auni na biyu a kiɗa shi ne kaifin sauti, wato sau nawa abu ke girgiza a sakan ɗaya. Kunnen matashi yana jin daga girgiza 20 zuwa 20,000. Ana saita fiyano da jita a kan sauti mai girgiza 440. In aka ninka shi zuwa 880, sautin nan ne ya dawo da siririyar murya. Tsakanin biyun akwai matakai 12, waɗanda a kan fiyano su ne farare 7 da baƙaƙe 5. Waƙoƙin gargajiya da yawa na wannan yanki a kan sautuka 5 suke tafiya. Mai kalangu yana matsa igiyoyin a hammatarsa, fata ta ɗaure, girgiza ta ƙaru, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauko. Da haka yake bin hawa da saukar muryar Hausa har a ce kalangu na magana. Siraran sautukan can sama su ne kunne ke fara rasawa in ƙara ta yi masa yawa.

Desibel 80, awa 40

Ma'auni na uku shi ne ƙarar sauti, ana auna ta da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. WHO ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba, yaro kuwa desibel 75.

Inda ake ruɗewa shi ne zaton cewa 83 ta ɗara 80 da kaɗan ne kawai. Duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin, yana kuma raba lokacin da aka yarda da shi biyu. A 83 awa 20 ne, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 awa 2 da rabi, a 95 awa 1 da minti 15. In an kai 100, kimanin minti 20 ne rabon mako guda. Wanda ya tsaya gaban lasifikar DJ mai desibel 100 daga ƙarfe 8 na dare zuwa 12 ya sha minti 240, rabon mako 12 a dare ɗaya. Shi ya sa a 2022 hukumar ta sa desibel 100 a matsayin iyakar da bai kamata wuraren casu su haura ba, ta kuma ce matasa sama da biliyan 1 masu shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin lalata jinsu.

Akwai lissafin da ke taimakawa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da lasifika, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. Daga mita 2 zuwa mita 4 an rage 6, zuwa mita 8 an rage 12. Desibel 100 ta koma 88, minti 20 sun koma sama da awa 6. A gidan biki kuwa yara ne ke cincirindo a bakin lasifika, manya suna can baya a kan kujeru. Waɗanda kunnensu ya fi rauni su ne suka fi kusa.

Matsalar ba ta tsaya ga biki ba. Mai injin niƙa, mai yankan katako, mai walda da mai kwana kusa da janareto duk suna ciki, kuma tun 2009 hukumar kula da muhalli ta NESREA take da ƙa'idojin hayaniya. Gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya daga gare ka ya ji, ƙarar ta kai 85 ko ta wuce. Mai sa abin sauraro a kunne kada ya haura kashi 60 na ƙarar wayarsa. Kunnen da ya kwana yana ƙugi bayan biki gargaɗi yake yi, domin ƙananan gasun cikin kunne da ke kama sauti ba sa sake tsirowa in sun mutu.

140 bisa 90

Awon jini lamba biyu ne. Ta sama ƙarfin jini ne a jijiya lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ƙasa da 120 bisa 80 shi ne abin so. In aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka sami 140 ko fiye a sama, ko 90 ko fiye a ƙasa, yana da hawan jini. Ɗaya daga cikin biyun ma ta isa. In ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, maganar asibiti ce nan take.

A ƙiyasin 2021, mutum biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ne ke da hawan jini a duniya. Kashi 46 ba su san suna da shi ba, kuma 1 cikin 5 ne kawai ya shawo kansa. A Najeriya bincike daban-daban ya nuna kusan babba 1 cikin 3 yana da shi. In aka ɗora wannan a kan majalisar dattawa 9, ana maganar mutum 3, kuma 1 ko 2 cikinsu bai sani ba. Ƙirar jiki ba ta faɗin komai a nan: tsohon ɗan kokawa mai faɗin ƙirji yana iya ɗauke da shi shekaru ba tare da ya ji ko ciwon kai ba, sai ranar da shanyewar ɓarin jiki ta zo.

Yadda aka auna yana canza lambar. A zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, babu magana, kuma babu goro, shayi ko sigari a minti 30 kafin awo. Awon kansa bai kai minti 2 ba, a Babban Asibitin Martha Bamaiyi ne ko a ƙaramin asibitin unguwa.

Ga nauyi kuwa, ana raba kilon mutum da tsawonsa a mita sau kansa. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.70: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 70 da shi a sami 24.2. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba ce, ƙasa da 18.5 rama. Aibin ma'aunin shi ne bai san tsoka da kitse ba, yana iya kiran ɗan kokawa mai ƙiba. Wanda ya fi shi sauƙi: a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninke ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, tumbi ya wuce rabin tsawo, kuma kitsen ciki ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da na zuciya. A ɗaya gefen, yaro mai wata 6 zuwa 59 wanda kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba yana cikin tamowa mai tsanani. Shi ne jan launi a tef ɗin ma'aikatan lafiya.

Giram 5 da giram 50

WHO ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, abin da bai cika cokalin shayi ba. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura giram 10, ninki biyu ke nan. A jikin leda da gwangwani sau da yawa sodiyom ake rubutawa, kuma sai an ninka shi sau 2.5 kafin a sami gishiri. Fakitin taliyar da aka rubuta masa sodiyom miligiram 1,200 yana ɗauke da gishiri giram 3, kashi 60 na rabon wuni.

Mu leƙa tukunyar miya ta gida mai mutum 8. Uwargida ta marmasa dunƙulen ɗanɗano 6 masu giram 4 kowanne. Galibi rabin nauyin dunƙule ko fiye gishiri ne, giram 12 ke nan. Ta ƙara gishiri cokalin shayi 2, wasu giram 12. Jimla 24, a raba wa mutum 8, kowa ya tashi da giram 3 a tuwon dare kaɗai. Da ɗumamen safe an kai 6, an haura iyaka tun kafin a taɓa burodi, tsire da yaji ko ƙuli-ƙuli. Kanwa ma sodiyom ce. Rage dunƙule 2 da cokali 1, a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa, yana sauko da rabon kowa ƙasa da giram 2. Gishirin da za a sa ɗin kuma ya zama mai aidin, wanda ke hana maƙoƙo.

Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha bai kamata ya kai kashi 10 na kuzarin da mutum ke samu a rana ba. Ga babba wannan kimanin giram 50 ne, cokalin shayi 12. In an iya saukowa zuwa giram 25, ya fi. Dabarar takardar jikin kwalba ita ce a rubuta adadin da ke cikin mililita 100, alhali kwalbar 500 ce. Lemon da aka rubuta masa giram 10 a mililita 100, kwalbarsa guda giram 50 ce cif, rabon wuni a zama ɗaya. Lissafin bai bar zoɓo, kunun zaƙi, fura da shayin mai shayi ba. Kowane cokalin sukari giram 4 ne. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, wato naira 5 a kwalbar rabin lita, yayin da WHO ke ganin sai haraji ya ɗaga farashi da kashi 20 kafin a ga an rage sha sosai.

Lemon ƙara kuzari da matasa ke sha kafin ƙwallo ko tuƙi yana ƙara wani abu a kan sukari. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yakan ɗauki kafeyin wajen miligiram 80. Hukumar kula da abinci ta Turai ta sa iyakar miligiram 400 a rana ga babba, 200 ga mai juna biyu, kuma shayi, kofi da goro duk a cikin wannan lissafi suke.

A kantin kemis

A 2017 WHO ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. An kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a 1993 don wannan yaƙi, kuma a zamanin Farfesa Dora Akunyili, 2001 zuwa 2008, ne talaka ya koyi tambayar lambar hukumar. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara 84.

Abu huɗu ake dubawa a jikin magani: lambar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar yi, da ranar lalacewa mai alamar EXP. In an rubuta 03/27, maganin yana aiki zuwa ƙarshen Maris 2027. Tun da masu jabu ma suna buga lamba, tun 2010 aka fito da wurin kankarewa a jikin magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin cuta: a kankare, a tura lambar ta saƙon waya kyauta, amsa ta zo. Maganin da farashinsa ya faɗi ƙasa da na ko'ina abin tuhuma ne. Araha ba ta ado.

Ingantaccen magani ma yana da iyaka. Farasitamol ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Babba ba ya haura ƙwaya 8, wato giram 4, a awa 24, kuma da tazarar awa 4 a ƙalla. Maganin mura da haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda sau da yawa suna da farasitamol a ciki, mutum ya ninka bai sani ba, hanta ta biya. Tiramol da aka amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da 100, da takardar likita, kuma iyakarsa 400 a rana. Wanda ake kamawa a kasuwar bayan fage 200 ne, 225 ko 250. Ƙwaya 2 ta 225 sun riga sun haura iyaka, sakamakon kuma farfaɗiya, tsayawar numfashi da kamu. Binciken ƙasa na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, miliyan 4.6 cikinsu irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta haramta a watan Mayun shekarar. Arewa maso Yamma tana da kimanin miliyan 3. Saurayin da ke haɗiyar ƙwaya don ya wuni yana noma ko lodi rancen ƙarfi yake ci, kuma ruwan da ke kansa ya fi uwar kuɗin. Abin lura ne cewa ɗan Zuru, Manjo Janar Musa Bamaiyi, ya shugabanci hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a shekarun 1990.

Launi da dalma

Matan Dakarkari sun shahara da ginin tukwane da siffofin yumɓu da ake ɗorawa a kan kaburburan manya, irin su sarakuna, mafarauta da gwanayen kokawa, har wasu sun kai gidajen tarihi na ƙasashen waje. A buɗaɗɗiyar wuta ake gasa irin wannan aiki, a zafin digiri 600 zuwa 900, ba tare da fenti ba. Mai zanen zamani kuwa, da mai fentin gida, makaranta ko gadon jariri, da gwangwani yake aiki, kuma lambarsa ita ce 90: iyakar dalmar da duniya ta amince da ita a fenti kashi 90 ce cikin miliyan, wato miligiram 90 a kilo guda. Fentin mai, musamman rawaya, ja da ruwan lemo, shi aka fi samu da haura wannan iyaka. Baƙin dutsen kwalli mai ƙyalli shi ma ma'adinin dalma ne, don haka bai dace da idon jariri ba. WHO ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira lafiya lau ga yaro, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Maƙwabciyarmu Zamfara ta ga ƙarshen abin a 2010, lokacin da niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum.

A fannin kwalliya akwai adadin da ya cancanci a tsaya a kansa. An sha faɗin cewa kashi 77 na matan Najeriya suna shafa man bilicin. Asalin lambar wani bincike ne a tsakanin 'yan kasuwa 'yan ɗaruruwa a Legas a farkon shekarun 2000, don haka ba ta wakiltar matan Ribah, Mahuta ko Dirin Daji. Haɗarin man dai gaskiya ne: NAFDAC ba ta yarda sinadarin haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100 ba, zaibar da ke cikin wasu mayukan kuma tana lalata ƙoda. Man da aka haɗa a roba babu takarda, babu mai iya cewa nawa ke ciki.

Abin da ya rage

Duk adadin da aka kawo maka, a rediyo ne, a Facebook ko a bakin mai tallan magani, ka tambaye shi abu uku: da me aka auna, a tsawon wane lokaci, kuma a kan su wa. Giram 10 a mililita 100 daban yake da giram 10 a kwalba, desibel 100 na minti 20 daban da na awa 4, 'yan kasuwar Legas daban da matan ƙasa baki ɗaya.

Aikin ba na asibiti kaɗai ba ne. Malaman makaranta su sa yara su kawo ledar taliya da kwalbar lemo aji, a yi lissafin a kan allo. Masu biki su matsar da lasifika daga inda yara suke, su rage ƙara. Iyaye mata su ƙirga dunƙulen da ke shiga tukunya. Masarauta da ƙananan hukumomi huɗu kuma su kafa teburin awon jini a bakin filin Uhola da ranakun kasuwa, inda jama'a suke taruwa da kansu. Kai kuma mai karatu, in ka haura shekara 30 ba a taɓa auna jininka ba, ka je a auna a wannan makon.